Kwana huɗu a Udaipur, birnin da ya ci albarkacin falke

Mutumin Damagaram, duk inda ya sauka a duniya, ruwa idonsa ke fara nema. Abin da ya tashi da shi ke nan: layin jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran assalatu, da ƴan garuwa masu tsuga kuɗi idan bazara ta tsananta, da uwar gida mai auna ruwan wanka kamar tana auna man gyaɗa. Ni a unguwar Birni aka yanke mini cibiya, na yi shekaru ina aikin gwamnati a Tawa da Yamai, amma wannan hali bai sake ni ba. Saboda haka mai karatu ya yi mini afuwa idan ya ga na je birnin da duniya ke tururuwa don kallon fadodinsa, na dawo bakina cike da zancen tabki.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Indiya ba. Yayana na raka gidan likita a Delhi, shi da ke fataucin kayan babur tsakanin Maraɗi da Damagaram. Da aka yi masa aiki, Allah ya ba da sa'a, sai likitoci suka ce ya huta mako biyu kafin ya hau jirgi. Kwana uku ina zaune a kansa, ga ɗansa kuma yana nan, sai ya dube ni ya ce: "Mushe, tashi ka je ka ga ƙasar mutane. Zamanka a nan ba ya ƙara mini jini." Wani mai sayar da yadi da muka saba da shi a unguwar ya ce in dai kwana huɗu gare ni, to in nufi Udaipur, can kudancin jihar Rajastan.

Da maraice na shiga jirgin ƙasa a tashar Nizamuddin, muka kwana muna tafiya, fiye da kilomita 700. Ga wanda ya fito ƙasar da jirgin ƙasa ya zama tatsuniya, wannan kaɗai abin ba da labari ne, amma bari in wuce. Gari na wayewa na leƙa taga, sai na ga kamar hanyar Keita nake: tsaunuka jajaye, itatuwan ƙaya, awaki, gonakin masara, mata da tulu a ka. Waɗannan su ne tsaunukan Aravalli. Na ce a raina, ina tabki zai fito a wannan ƙasa?

Daga tasha keke mai ƙafa uku ya ɗauke ni, ya kutsa cikin tsohon gari ta lunguna waɗanda mota biyu ba ta giftawa, shanu kwance a tsakiyar hanya ba mai ce musu ku tashi. Ya sauke ni gaban wata ƙofa mai baki uku, ya nuna mini da hannu. Na ratsa ƙofar, sai ga ni a kan matakala ta dutse, ruwa shimfiɗe a gabana har gindin tsaunuka. Wurin shi ake kira Gangaur Ghat, tabkin kuwa Pichola. A hagu fadar sarki ta miƙe a bakin ruwa kamar an sassaƙe dutse guda, tagogi bisa tagogi, soraye bisa soraye. Can tsakiyar tabkin wani farin gini yana zaune a kan ruwa, ba ka ganin ƙasar da ya taka. A ƙarƙashina mata suna dukan wanki, tsofaffi suna wanka, yara suna watsa wa tantabaru hatsi. Watan Oktoba ne, damina ta tafi ba da daɗewa ba, tabkin ya cika har yana lasar matakala. Na zauna a nan fiye da awa guda ban ce wa kowa uffan ba. Da ma ba ni da bakin cewa, don Faransancina a Indiya bai fi kuɗin da aka daina karɓa amfani ba.

Washegari na yi dace da ɗan jagora mai jin Faransanci, domin Faransawa suna yawan zuwa garin. Tambayata ta farko ita ce wane kogi ne ya haifi wannan tabki. Ya yi dariya ya ce hannun mutum ne. Ga yadda mutanen garin ke ba da labarin. A ƙarni na 14, wani falke daga cikin Banjara, wato ƙabilar da ke jigilar hatsi da gishiri a bayan shanu daga gari zuwa gari, ya riƙa bi ta wannan kwari. Idan damina ta sauka, rafi ya kan tare masa hanya, shanu su yi kwana da kwanaki ba su ƙetare ba. Sai ya sa aka yi datsiya don ayarinsa ya sami abin takawa. Ruwa ya taru a bayan datsiyar, ya zama tabki, ya ɗauki sunan wani ƙauye na kusa, Picholi. Ku ji fa, ƴan kasuwar Maraɗi: ba sarki ne ya fara ba, madugu ne da jinkirin kaya ya dama.

Sarki ya zo daga baya, kusan shekara ɗari biyu. Masarautar Mewar a Chittor take da gindi, wani birni mai ganuwa a kan dutse, kilomita ɗari da ɗoriya gabas da nan. Maharana Udai Singh, don Maharana shi ne laƙabin sarakunansu, ya ga cewa birni a kan dutse tsakiyar fili, kome tsawon ganuwarsa, ana iya kewaye shi a jira yunwa ta yi aiki. A 1559 ya fara gina sabon mazauni a bakin Pichola, inda tsaunuka suka yi wa kwarin zobe, ya ƙara wa datsiyar falke tsawo da ƙarfi. Hasashensa bai faɗi ƙasa ba. A 1567 Akbar, sarkin Mugal, ya kewaye Chittor, a watan Fabrairu na 1568 ya ci ta. Matan fada suka faɗa wuta don kada a kama su, mazajen suka fita suka mutu a bakin ƙofa. Udai Singh yana cikin tsaunuka, sarauta ta tsira da shi, sabon garin ya ɗauki sunansa.

Abin da ya fi kama ni shi ne ruwan saman da Udaipur ke samu bai wuce milimita 600 da wani abu a shekara ba, kuma kusan duka cikin wata uku yake zuba, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba. Wannan bai yi wa na Yamai ko Maraɗi nisa ba. Sauran watanni tara rani ne, zafin Mayu kuwa ba ya jin kunyar namu. Bambancin shi ne abin da suka yi da wata ukun nan. Sarki bayan sarki, kowa sai ya bar tabkinsa. Udai Singh ya datse Udai Sagar a gabashin gari. Jai Singh, a ƙarshen ƙarni na 17, ya yi wani a arewacin Pichola. Ambaliya ta ɓalle shi, Fateh Singh ya sāke gina shi a 1889, shi ya sa ake kiransa Fateh Sagar. Shi dai Jai Singh ya datse Jaisamand, wajen kilomita 50 kudu maso gabas, wanda har yau ake janyo ruwansa ta bututu zuwa gari. Tabkunan cikin gari kuwa a haɗe suke kamar ƙwarya a gindin ƙwarya: idan Pichola ta cika ta tumbatsa cikin Swaroop Sagar, daga nan akwai magudana mai ƙofa zuwa Fateh Sagar, abin da ya yi saura ya bi kogin Ahar ya faɗa Udai Sagar, manoma su yi ban-ruwa da shi. Ɗigo guda sai ya yi aiki sau uku ko huɗu kafin ya bar ƙasar.

Akwai ɗaya da ban je ba amma labarinsa ya zauna mini, Rajsamand, arewa da gari. Fari ya auka wa Mewar, sai Maharana Raj Singh ya buɗe aikin datsiya a 1662 don talakawa su yi aiki su sami abin kai wa baki. Aka gama a 1676. Mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984, muka ga ayyukan da ake biyan mutane da buhun hatsi, mun san wannan dabara. Sai dai tasu, shekara ɗari uku da hamsin bayan haka, tana nan tana riƙe da ruwa. Kuɗin kuwa ba daga sama suka faɗo ba: a Zawar, kudu da gari, akwai ma'adinan tutiya da azurfa da ake haƙa tun ɗaruruwan shekaru, kuma har yanzu babban kamfanin tutiya na Indiya a Udaipur yake da hedkwata.

Kada a ce na yi wa ƙasarmu rashin adalci. Su suna da tsaunuka masu tara ruwa su tura shi cikin kwari mai ƙunci, inda datsiya gajera ke riƙe ruwa mai zurfi. Mu a Damagaram fili gare mu da rairayi da duwatsun da ba sa ajiye kome, tabkunanmu faffaɗa ne marasa zurfi, rana ta shanye su kafin hunturu ya fita. Ba kome ake kwaikwaya ba. Amma na tuna ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Faransawa suka bayar da suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, na kuma tuna an aza harsashin Kandaji tun 2008. Na yi shiru, ɗan jagora ya zaci gajiya ce.

Sai muka hau fada. Tsawonta ya kai mita 244, tsayinta mita 30, kuma ba gini ɗaya ba ne. Sarakuna ne suka yi ta ɗora nasu a kan na iyayensu har kusan shekara ɗari huɗu, amma da yake dutse iri ɗaya ne da salo ɗaya, daga nesa sai ka rantse magini guda ne. Bayan ƙofar farko akwai wasu bakuna na dutse a jere, inda a dā ake ɗora sarki a ma'auni, a zuba zinariya ko azurfa daidai nauyinsa, a raba wa jama'a. Na tambayi ɗan jagora daga aljihun wa zinariyar ta fito tun farko. Ya ce: "Mushe, kai ma'aikacin haraji ne?" Ban musa ba.

Cikin fadar ba wurin mai ƙiba ba ne. Hanyoyin ƙunci gare su, matakala a miƙe, ƙofofi gajeru, sai ka sunkuya ka shiga. Da gangan aka yi haka: maharin da ya kutso, dole ya zo shi kaɗai, kansa a ƙasa, wuyansa a miƙe ga mai jiransa da takobi. Wanda ya san zaurukan fadar Sarkin Damagaram, yadda ake karya hanya daga zaure zuwa zaure don kada baƙo ya hango cikin gida, zai gane tunanin, ko da yake namu na ƙasa ne nasu na dutse. Kana cikin wannan duhu, numfashi na yi maka wuya, sai ka fito tsakar gida mai haske inda aka yi siffar ɗawisu a bango da gutsattsarin gilashi shuɗi da kore, dubbai, kowane an yanka shi an dasa da hannu. Akwai ɗakunan da aka lulluɓe da madubi har rufi, waɗanda a ganina sun fi kama da kantin mai sayar da kwalliya. Ban daɗe a cikinsu ba. Wanda ya tsayar da ni shi ne Badi Mahal, can sama, bayan mun hau bene ya fi a ƙirga: tsakar gida ce mai manyan itatuwa da kwarmin ruwa a tsakiya. Itace a saman bene? Ashe ƙoƙon tsaunin ne. Fadar kewaye shi ta yi, kamar rawani a ka. Ko'ina kuma ka duba sai ka ga fuskar rana da gashin baki, ta zinariya, domin gidan sarautar suna cewa daga rana suka fito.

Rabin ɗakunan kallo na Maharana Pratap ne, ɗan Udai Singh, wanda ya ƙi sunkuya wa Akbar, ya kara da rundunarsa a Haldighati a 1576, ya yi shekaru yana yaƙin sari-ka-noƙe a cikin tsaunuka. Ga sulkensa, ga hoton dokinsa Chetak da ake cewa ya fitar da shi daga fagen fama da rauni a ƙafa kafin ya faɗi. Ɗan jagora ya ga carbi a hannuna, sai ya riƙa zaɓen kalmomi idan ya zo kan Akbar. Da ya ga ban damu ba, shi da kansa ya ƙara da abin da ba kowa ake gaya wa ba: a ranar Haldighati, mai jan rundunar Akbar Bahinde ne, Man Singh na Amber, mai jan sahun gaba na Pratap kuwa Musulmi ne, Hakim Khan Sur. Rigimar mulki ce, kowa da inda abincinsa yake.

Da la'asar na shiga kwale-kwale mai inji. Farin ginin nan na tsakiyar ruwa shi ne Jag Niwas, wanda Jagat Singh na biyu ya gina tsakanin 1743 da 1746 don shan iska. Yau otel ne, kwana ɗaya a ciki ya zarce albashin wata na ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba, kuma wanda bai kama ɗaki ba ba a barinsa ya sauka. Kewaya shi muka yi kamar masu neman aure da ba a yi wa iso ba. Masu son sinima sun san shi, a nan aka ɗauki wani yanki na fim ɗin James Bond mai suna Octopussy wanda ya fito a 1983, kuma har yanzu akwai gidajen abinci da ke nuna shi kowane dare kamar wuridi. A tsibiri na biyu, Jag Mandir, aka sauke mu, giwaye na dutse jere a bakin ruwa suna tarbar baƙi. A nan Karan Singh ya ɓoye wani yarima Bamugale, Khurram, a 1623, lokacin da ya yi wa ubansa Jahangir tawaye. Jikan Akbar ke nan, a gidan jikan Pratap. Yariman nan shi ya zama Shah Jahan, mai Taj Mahal. A 1857 kuma, da sojojin Indiya suka tayar wa Ingilishi, a tsibirin nan Swaroop Singh ya ajiye matan Turawa da ƴaƴansu har ƙura ta lafa.

Mai kwale-kwalen dattijo ne, na roƙi ɗan jagora ya tambaye shi ko ya taɓa ganin tabkin ya ƙafe. Ya miƙa hannu ya nuna tsakanin gari da farin otel, ya ce a nan ya ga yara suna wasan ƙwallo, shanu suna kiwo. A farkon shekarun 2000 damina ta yi ta gazawa shekara bayan shekara, har a 2004 da 2005 Pichola ta zama fili mai tsattsagewa, ana kai baƙin otel da mota. Masu kwale-kwale suka koma leburanci, otel-otel suka sallami ma'aikata, rijiyoyin gari suka ja baya. Bayan haka gwamnatin jihar ta ƙara himma a kan aikin Dewas, wanda ke huda tsauni ya karkato ruwan wani kwari zuwa Pichola. Amma dattijon ya ce fari bai fi ba shi tsoro ba kamar ƙazanta. Garin da aka ƙidaya mutum dubu 451 a cikinsa a 2011 ya ci gaba da kumbura, otel na tsirowa a kan tudun da dā ke tara ruwa, kwatoci suna tsiyaya cikin tabki. Ni ma na gani da idona: a lungun da baƙi ba sa zuwa, ciyawar ruwa da robobi sun yi kauri, wari yana tashi. A Janairun 2025 an sa Udaipur cikin biranen da yarjejeniyar Ramsar ta yaba wa kan kula da dausayi. Takardar yabo dai ba ta tsince roba.

Juma'a ta same ni a can. Na yi tambaya, aka kai ni masallaci a cikin tsohon gari, ba nisa da hasumiyar agogo. Musulmin garin ba su da yawa amma sun daɗe, kuma a cikinsu akwai Bohra, masu farar riga da hula mai zaren zinariya, waɗanda suka riƙe kantunan yadi da na ƙarfe tun kaka da kakanni. A kasuwar Hathi Pol na ga yadda ake ƙulle yadi da zare ƙulli-ƙulli kafin a tsoma shi a baba, aikin da kowane marini na ƙasar Hausa zai gane ba tare da tafinta ba. Na saya wa matar Yaya mayafi biyu, na kuma tabbata an cuce ni, don mai kantin ya raka ni har bakin hanya yana godiya. Abincinsu wani curin alkama ne da ake gasawa a garwashi, a farfasa, a kwarara masa man shanu, a ci da miyar wake. Nama sai ka nema. A wata rumfa aka ba ni waina ta hatsi, irin hatsinmu sak, suna kiransa bajra. Masana sun ce daga Sahel ɗinmu aka fara noma shi, ya isa Indiya shekara dubbai da suka wuce. Na ci na ƙara.

Sarautar fa? Bayan ƴancin kan Indiya a 1947, Mewar ta shiga tarayyar Rajastan a 1948, sarakuna suka ajiye mulki aka yanka musu albashi. A 1971 Indira Gandhi ta soke albashin da laƙabin gaba ɗaya. Bhagwat Singh, mai riƙe da gidan a lokacin, ya riga ya hango haka: tun farkon shekarun 1960 ya mai da Jag Niwas otel, daga baya ya sa babbar fadar a hannun wata gidauniya ta zama gidan tarihi. Da kuɗin tikiti da na bikin auren attajirai ake gyaran rufi yau. Amma gādo gādo ne ko a Indiya: ƴaƴansa sun yi shekaru a kotu, kuma a Nuwamban 2024, da aka naɗa sabon magaji a ɗaya ɓangaren, aka rufe masa ƙofar fada, har aka yi jifa, ƴan sanda suka shiga tsakani. Da na ji wannan sai na ji kamar ina gida.

Ranar ƙarshe na hau Sajjangarh, wata fada a ƙoƙon tsauni yamma da gari, wadda Sajjan Singh ya gina a 1884 don ya riƙa hango gizagizan damina tun suna nesa. A shekarar ya rasu, bai kai talatin ba. Daga can ana ganin kome a tafin hannu: Pichola, Fateh Sagar, siririyar magudanar da ta haɗa su, farin gari a tsakani, da sababbin gine-gine suna hawa tsaunuka kamar tururuwa. Datsiyar falke kuwa ba ka ma gane ta, gari ya haɗiye ta.

Na koma Delhi na tarar Yaya ya fara takawa da sanda. Na zauna na kwashe masa labari tun daga fada har giwayen dutse, yana gyangyaɗi. Da na zo kan falken nan da shanunsa sai ya buɗe ido ya gyara zama.

"To, da ya yi datsiyar, sauran fatake da ke bi ta kai, nawa yake karɓa a kan kowane sa?"

Na ce ban tambaya ba.

"Kwana huɗu," in ji shi, "da kuɗin jirgi, ba ka tambaya ba." Ya juya ya ce wa ɗansa ya miƙo masa ruwa.